Na Je Aron Ƙwayoyin Cikin Hassan

Tun da na dawo ba a bar ni na yi ɗinki cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shago sai ya ƙare wa tumbina kallo kafin ya yi sallama, sannan ya ce, to Tela, yaya hanya, an samo maganin? 'Yan majalisarmu ta Sabon Gari kuwa har awo suka yi mini da tef ɗina na aiki. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru. Amsar tambayar farko dai ita ce ban rame ba. Kwana ɗaya da wuni biyu na yi, daga Gusau zuwa Bungudu, daga Bungudu zuwa Tsafe, na ƙare a 'Yandoto, kuma wandon da na tafi da shi yana nan yana matse ni inda ya saba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Husaini, tela ne ni, na fi shekara talatin a kan keke. Mu tagwaye ne. Hassan yana Bungudu inda aka haife mu, manomi ne, in an gama aikin gona kuma yana gina wa mutane rumbu. Muna yara ko Inna sai ta dubi tabon da ke goshina kafin ta san wanda za ta tsawata wa. Yau in muka tsaya tare ba mai yarda ciki ɗaya muka kwanta. Shi yana nan kamar sandar makiyayi, ni kuwa sau biyu kafinta yana sake wa kujerar kekena ƙafafu.

Akwai kuma abin da 'yan majalisa ba su sani ba, kuma in ban faɗe shi ba tafiyar ba za ta fahimtu ba. Shekara tara ke nan hannun Hassan bai shiga kwano ɗaya da nawa ba. Lokacin da ciwon Inna ya tsananta, ni na matsa aka kawo ta asibiti a Gusau, ba da son ranta ba, ba kuma da son Hassan ba. Ta rasu da hantsi, ranar kuma aka wayi gari hanyar Bungudu ba ta biyuwa. Muka jira Hassan har la'asar, malamai suka ce jinkirin ya isa, aka kai ta. Ya iso ya tarar mun dawo daga maƙabarta. Da aka ajiye mana tuwo a tsakaninmu ya wanke hannu, ya dubi kwanon, ya tashi ya fita. Ba mu yi cacar baki ba, ko kalma ɗaya. Muna gaisawa, yana zuwa suna da biki, ina aika masa da ɗinkin Sallah. Amma mutumin da tun muna rarrafe ba a taɓa raba mana kwano ba, daga ranar ba mu ƙara cin abinci tare ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda na taɓa gaya wa kowa.

Sai ga likita ya ƙara mini wata. Ya ce jinina ya hau, suga ya leƙo, in ban rage jiki ba to in shirya. Bai faɗi abin da zan shirya wa ba, ni ma ban tambaya ba. Na fito daga wurinsa ba mutuwar nake tunani ba, tunanina kada in tafi ban ƙara cin tuwo da Hassan ba.

A makon ne Uwani ta zo hutu. Ita ce 'yata ta fari, sunan Inna gare ta, don haka ba na kiran sunanta, ita ma ba ta iya haɗa ido da ni. Tana jami'a tana karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. Hirarmu da ita kullum ta bakin uwarta ce: ta zauna a tsakar gida tana yi wa uwar bayani da ƙarfi, ni ina ɗaki ina ji ta taga. Ranar da ta ga takardar likita, sai ta hau gaya wa uwarta cewa a cikin hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ba su ƙirguwa, ba kuma cuta ba ne, su ke taya mu narkar da abinci. Ta ce na mai ƙiba sukan bambanta da na siriri. Har masu bincike sun taɓa samun tagwaye, ɗaya mai jiki ɗaya siriri, suka ɗebi ƙwayoyin cikin kowannensu suka sa wa ɓeraye. Ɓeran da ya samu na mai jiki ya yi ƙiba, ɗayan bai yi ba. Da aka haɗa irin ɓerayen nan a keji ɗaya ana ba su abinci mai kyau, ƙwayoyin siririn suka ƙaura cikin ɗan'uwansa, shi ma ƙibar ta ƙyale shi.

Jin an ce tagwaye na kasa haƙuri, na leƙo ta taga na tambayi uwarta ta yaya ƙwayoyin suke ƙaura daga wannan ciki zuwa wancan. Tsakar gida ta yi tsit. Can Uwani ta sunkuyar da kai ta ce, “Mama, ai zama ɗaya suke yi, komai nasu tare suke ci.” Ta tashi da sauri ta shige kicin.

Ni kuwa na ce shi ke nan, kwano ɗaya ne. In faɗi gaskiya, ba ramar ce ta faranta mini rai ba. Na samu dalili ne. Mutum yana iya ƙin gayyatar ɗan'uwansa, amma ba ya hana shi magani. Washegari na sanar a majalisa cewa zan je Bungudu aron ƙwayoyin cikin Hassan, Malam Bala mai shayi ya ce in taho masa da ragowa, matarsa ma tana bukata.

Na isa tasha da sassafe da ledar burodi da lemo. Direba ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe mini gaba ba tare da na roƙa ba, ya ce wa wanda ke zaune ya koma baya, yau gaban na mutum ɗaya ne. Bungudu ba nisa, kafin hira ta yi daɗi an iso. Amma rabona da garin ya kai shekara huɗu, sai na ji ni kamar baƙo. A Gusau ka ce sannu a ce yauwa kowa ya wuce. A Bungudu daga bakin hanya zuwa ƙofar gidanmu sai da na tsaya sau tara, kowa sai ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dafa cikina ya ce lallai birni ta karɓe ni. Wani tsoho abokin Baba har addu'a ya yi Allah ya ba Hassan irin wannan jin daɗi. Ban iya ce masa jin daɗin ne ya kai ni asibiti ba.

Asabe matar Hassan ce ta fito. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya, ba ta raga mini ba ni ma ban raga mata ba. Ta ce in shigo a karkace kada in tafi da ƙofar zaure. Da na tambayi maigidan ta nuna mini wayarsa rataye a ƙusa cikin leda, ta ce kwanansa biyar a Tsafe, Alhaji Mamman ya kira shi gyaran rumbu, wayar kuma ya ce nauyi take yi masa. Na tsaya ina kallon wayar, ga shi tun daga gida nake haddace abin da zan faɗa.

Ba ta bar ni na juya da yunwa ba. Ta kawo hoce mai zafi, wainar dawa irin ta ƙasarmu, da kwaɗon rama da zogale ya sha ƙuli, da fura a ƙwarya. Da wannan aka raine ni, amma na manta rabon da in ci. A gidana shayi ne da burodi da ƙwai da safe, rana shinkafa ko taliya, lemon kwalba yana gefen keke kamar man keken. Su kuwa ganye ba ya yankewa a gidan, in babu ɗanye akwai busasshe a buhu. Ina ci ina yi mata bayanin ƙwayoyi da ɓeraye, ina jin kaina malami. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ashe kamar irin nono ne, yadda take rage kindirmon jiya ta zuba a madarar yau ta kwana ta kama. Na ce haka ne, a raina kuma na ji haushin ta riga ni ganewa.

Da zan fita ta raka ni har zaure, ta rage murya ta ce, “Halan dai ƙwayoyin ɗai kaz zaka nema?” Na ce me kuma zan nema. Ta ce to Allah shi ba da sa'a, amma in na gan shi kada in yi masa dogon Turanci, ba ya so.

Wanda ya san ƙasar nan ya san daga Bungudu ba a zuwa Tsafe sai an ratsa Gusau. Wato mutumin da ya yi sallama da unguwa da safe, ga shi kafin azahar mota tana wucewa da shi ta bakin Sabon Gari. Na yi ƙoƙarin sunkuyawa, sai dai mai jiki irin nawa ba ya ɓuya a gaban mota. Malam Bala yana bakin titi yana sayen gawayi, muka haɗa ido, ya ɗaga hannu biyu yana tambayar har an gama. Na kau da kai kamar ban san shi ba.

A motar Tsafe da na canza a tashar Gusau ban samu gaba ba, aka cusa ni baya kusa da Mama Rifkatu. Tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce ta asibiti, 'yar kudancin Kaduna, ta fi shekara ashirin a Sabon Gari, ni nake yi wa mijinta ɗinki. Za ta taron zumuntar mata na cocinsu a Tsafe. Na ce yau ga wadda za ta yaba wa ilimina, na kwashe labari tun daga taga har ƙwaryar Asabe na gaya mata, da murya yadda kowa zai ji. Tun ina tsakiya kafaɗunta suka fara rawa. Da na kai wurin kwano ɗaya ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin gyale.

“Malam Husaini,” ta ce, “ɓerayen nan ba kwano suka haɗa ba. Kashin juna suke ci. Haka ɓera yake, ta nan ƙwayoyin suke wucewa.”

Wani dattijo a gaba ya yi a'uziyya. Direba ya kusa sakin sitiyari. Wata mata a bayanmu ta tambaya ko ɗan'uwan nawa ya san abin da na zo nema, mota ta sake ɗauka. Ni dai na ji kamar in nutse cikin kujera, da akwai wurin nutsewa. Sai a lokacin na gane shirun da tsakar gidana ta yi. Yarinyar nan ta fi ni sanin komai, amma ta ya 'yar fari za ta furta wannan kalma ubanta yana leƙe ta taga? Ta zagaya iyakar zagayawarta, ni na ɗauki zagayen na hau mota da shi. Kunya ta kama ni, tausayinta da ƙaunarta kuma suka cika mini zuciya.

Da dariya ta lafa Mama Rifkatu ta yi mini bayani tsakani da Allah. Ta ce maganar Uwani gaskiya ce, akwai alaƙa tsakanin ƙwayoyin hanji da ƙiba, amma har yanzu masana ba su gama warware wanne ke jawo wanne ba, kuma abin da ya yi aiki a ɓera ba lallai ya yi a mutum ba. Mutanen da ke zaune gida ɗaya sukan yi tarayya a wasu ƙwayoyin, amma da daɗewar zama, ba da tuwon rana ɗaya ba. Ta ce masu amfanin nan ina da su a cikina, yunwa kawai nake bar su da ita: abincinsu ganye ne, da wake, da dawa da geron da ba a cire musu dusa duka ba, da nono. In ba su wannan, in rage lemo, in riƙa taka ƙasa, in kuma sha maganin likita.

Kamar cikina yana jin ana maganarsa, sai kwaɗon Asabe ya motsa. Muna daidai dutsen Kwatarkwashi ya fara ƙugi, ƙugin da ba ya ɓoyuwa. Mama Rifkatu ta ce ga su nan, sun samu abinci sun fara godiya. Kowa ya san halin hanyar nan, ba direban da zai tsaya a daji don cikin wani. Na haɗa gumi, na riƙe kujerar gaba, ina karanto duk addu'ar da na iya. Mu ba mu ƙetare boda ba, amma shingen jami'an tsaro ya ishe mu boda: a sauka, a wuce da ƙafa, a buɗe but. Ban taɓa murnar ganin shinge ba sai ranar. Na tunkari wani jami'i ina dafe da ciki, ban gama magana ba ya nuna mini bayan wata bukka, har da miƙo mini buta. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Bayan mun koma mota ciki ya lafa, sai wata damuwar ta taso. Dalilin da na riƙo tun daga gida ya faɗi, ba ni da abin da zan ce wa Hassan. Na fara tunanin in mun isa Tsafe in hau ta komawa. Na faɗa wa Mama Rifkatu haka a hankali, na ce tunda ba magani ai tafiyar ba ta da amfani. Ta dube ni ta gefen tabarau ta ce ita ƙanwarta tana Kafanchan, kuma ba ta taɓa neman takardar likita kafin ta je ganinta ba. Daga nan ta buɗe jaka ta ba ni gyaɗa.

Mun shiga Tsafe ana kiran la'asar. Alhaji Mamman taubashinmu ne, ɗan ƙanwar Baba, yana sana'ar hatsi. Yana hango ni ya ce wa mutanen rumfarsa su matsa, an kawo buhun da ya yi oda. Sai da muka gama zolayar juna sannan ya gaya mini Hassan ya gama masa aiki tun jiya, wani Malam Ɗanjuma ya tafi da shi 'Yandoto, garin da muka wuce ta gefensa ɗazu ina fama da ciki. Na ce bari in bi shi. Ya ce ba mai hankalin da ke hawa hanya in rana ta yi sanyi, kwana ya kama ni.

Mamman ya yanka mini kaza, aka yi shinkafa tana ninƙaya a mai, ga lemo kwalba biyu. A gidansa baƙo ba ya rage abinci, in ka rage an yi maka laifi ke nan. Na ci rabi na janye hannu, ya ɓata rai sosai. Da na ce likita ne ya hana, ya ce likitan hassada yake yi, shi tun da yake bai taɓa ganin an kai mutum asibiti don ya ƙoshi ba, Hassan ne abin tausayi da iska ke kaɗawa. Haka muka taso muna gani, mai jiki shi ne mai rufin asiri, kuma ni kaina shekaru na yi ina taƙama da tumbin nan. Na lallashe shi da cewa a ajiye mini sauran zuwa safe. Muna wanke hannu ya ce, kamar ba da wata manufa ba, duk zuwan da Hassan zai yi Tsafe sai ya tambaya ko an ga Husaini kwanan nan, yaya ƙafarsa da ke kumbura. Ban san Hassan ya san ƙafata tana kumbura ba. Na daɗe ina goge hannu da tawul.

Masaukina ɗakin baƙi ne a zaure, da gadon ƙarfe mai waya tun na auren Mamman na fari. Abin da ya faru tsakanina da gadon nan ba sai na faɗa ba. Da asuba dai a tabarma aka same ni, gadon kuma ya zama kwale-kwale, Mamman ya rantse sai ya kai ƙarata wurin dangi.

Da hantsi ya sa ni a a-kori-kurar da ke kai buhunan wake wajen 'Yandoto, ya ce wa direba ya lissafa da ni cikin kaya. 'Yandoto tsohon gari ne na malamai, kuma har yau ana jin haka a bakin mutanensa, tambayar hanya ma sai an haɗa maka da addu'a. Ban sha wahalar neman gidan ba. Duk wanda na ce wa ina neman mai ginin rumbu sai ya ƙura mini ido, ya ce ikon Allah, ga fuskar amma ba jikin ba, sannan ya nuna mini gaba.

Malam Ɗanjuma dattijo ne mai farin gemu da sanyin magana. Ya zagaya da ni bayan gida inda sabon rumbu yake tsaye, ya fi ni tsawo, laka ba ta gama bushewa ba. Ban ga kowa ba, sai ƙarar shafe daga ciki. Malam ya yi kira ya ce ga baƙo. Can sai kai ya ɓullo ta bakin rumbun daga sama, da laka a gira da gemu. Fuskata ce, in an cire kumatu.

“Husaini? Lahiya? Wa ar rasu?”

Na ce ba wanda ya rasu. Ya ce to mi ya faru. Na ce ba komai, zuwa na yi. Ya daɗe yana kallona daga can sama, sannan ya zaro jikinsa ta ramin da ko cinyata ba za ta shiga ba, ya sauko ta tsani. Muka gaisa irin gaisuwar da muka saba ta shekara tara, lafiya lau, iyali lafiya, madalla. Na miƙa masa ledar burodin da ta kwana a hannuna ta zama kamar an zauna a kanta, kuma an zauna ɗin.

Bayan mun yi azahar Malam Ɗanjuma ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbun. Ya shiga gida ya fito da akushi ɗaya, tuwon dawa da miyar kuka tana ƙamshin daddawa, ya ajiye a tsakaninmu. Shi bai san komai ba. Ya ce tagwaye ai ba a raba musu kwano, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya koma ciki.

Hassan ya wanke hannu. Na wanke. Ya ɗora nasa a gwiwa, na ɗora nawa. Ina jiran in ga ya miƙe. Don kada shirun ya kashe ni na buɗe baki na hau ba shi labari, duk da gargaɗin Asabe: likita, taga, Uwani, ɓeraye, har abin da Mama Rifkatu ta faɗa a gaban mutane, ban rage komai ba. Da na kai wurin ɓeraye ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara motsi, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda yake yi muna yara har sai ya riƙe haƙarƙari. Ya ce in dai wannan ne maganin, in yi haƙuri in mutu da ƙibata.

Da ya natsa na ce, “Hassan, ba ƙwayoyin na zo nema ba. Na kai Inna inda ba ta so, na rufe ta ba ka gan ta ba. Ka yafe mini. Na gaji da cin abinci ni kaɗai.”

Ya ɗauki wani ɗan tsinke yana kankare lakar da ke farcensa.

“Ran nan ba hushi ni kai da kai ba,” ya ce. “Kwananta ya ƙare, ko Bungudu take, tahiya za ta yi. Na dubi tuwon ne nig ga ba ita tat tuƙa ba, kuma ba ta ƙara tuƙawa, nik kasa ci. Shi ɗai na. Amma da nid dawo ran bakwai, kai kas sa anka kawo man nawa daban, hwaranti da cokali, cikin hwalo, kai kana waje. Duk zuwan da ni kai haka. Nic ce to, Husaini ya zama ɗan birni, ya gaji da hannun mai laka.”

Na ce wallahi tsoro ne ya sa, tsoron kada a ajiye kwano ya sake tashi a gaban iyalina. Ya ce shi kuma kunya ta hana shi cewa a haɗa. Muka dubi juna, tsofaffi biyu masu furfura, shekara tara kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Hassan bai ce in daina ba. Ya jawo akushin ya gyara masa zama, ya sa yatsa ya ja layi a kan tuwon, ba a tsakiya ba, can kusa da gefena. Ya ce wanga naka, tunda likita ya ce ka rage. Ya yi bisimilla ya sa hannu, na sa nawa. Tuwon ya huce, miyar ta yi kauri, ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Loma biyar na yi nawa ya ƙare, na zauna ina lasar yatsa ina kallonsa yana ci a hankali yadda ya saba.

Can ya ɗaga kai yana duban rumbun, kamar ya hango tsaga a jikin lakar. Yana kallon sama, bayan yatsunsa kuma yana turo wata ƙatuwar loma, ta ƙetare layin ta zo gabana. Na ɗauka na ci.